Cinikin Soron Magini

Soron da nake zaune a ciki ban gina shi ba, sayensa na yi. Zan faɗi yadda aka yi cinikin bi da bi, domin ƴaƴana sun ji labarin gutsure-gutsure a bakin mutane, kowa yana ƙara nasa.

A lokacin Dakoro ba ta zama gari ba. Gidaje ne kaɗan a kusa da rijiya, duk bukkokin kara da shuci, an kewaye su da darni. Nasara bai shigo ƙasar ba tukuna. Ana ciniki da kuɗin wuri, amma mu nan arewa duk abin da ya yi nauyi da dabba ake biyansa. Ƙasar wurin rairayi ce, ba ta ginuwa. Mai son ginin ƙasa sai ya ɗauko yumɓu daga tabki a kan jakai, kuma ba kowa ke da wannan haƙuri ba. Saboda haka soro ɗaya ne tak a wurin. Wani mutum da ya taso daga kudu ne ya gina shi tare da ɗansa, da azarar giginya da suka kawo tun daga can. Uban ya rasu tun ban yi wayo ba. Ɗan ne ya tsufa a gidan. Kowa Magini yake ce masa, ko da yake ni ban taɓa ganin ya gina wa wani komai ba sai rumbu.

Bayan rasuwar mahaifina, a wata bazara, gobara ta tashi a gidanmu da rana tsaka. Iska ce ta ɗauko wuta daga murhu ta ɗora a kan darni. Ni ina bakin rijiya, matata ta tafi itace. Inna, mahaifiyata, tana barci a cikin bukkarta. Sai da aka yage bangon kara ta baya aka jawo ta. Ta ƙone a ƙafa da hannu ɗaya, hayaƙi kuma ya bar mata tari. Bukkoki uku da rumbu suka tafi.

Maƙwabta suka taimaka muka ɗaura sabuwar bukka. Inna ta zo bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta dubi shuci, ta juya. Ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida, can nesa da darni, nan take kwana nan take yini a ƙarƙashin ɗan zanen da muka kafa mata. Ko murhu ba ta yarda a hura kusa da ita. Na yi mata magana, liman ya yi mata, aka yi mata rubutu ta sha. Amsarta ɗaya ce: ba za ta sake kwana a ƙarƙashin abin da ke cin wuta ba.

A bazara wannan ba komai ba ne, kowa a waje yake kwana. Amma shamuwa ta riga ta iso, gabas ta fara tara gajimare da yamma. Tsohuwa mai tari da ƙuna, idan damina ta same ta a fili, ba za ta kai kaka ba. Wannan na sani, ita ma ta sani.

A daidai lokacin ne Magini ya gaya wa liman zai sayar da soronsa. Idonsa ya fara mutuwa, matarsa ta rasu, ɗiyarsa da ke aure a Birnin Lalle ta aiko ya koma wurinta kafin ruwa ya sauka. Ni kuwa abin da wuta ta bar mini shi ne dabbobin da ke daji a hannun wani Bafillace: sa ɗaya, karsana ɗaya, da tumaki shida.

Ga yadda ake sayen gida a wurinmu. Na farko, ba a sayen ƙasa, ta mai gari ce. Gini ake saye, da azara, da ƙyaure, da itacen da ke cikin gidan. Na biyu, matashi ba ya ciniki da dattijo baki da baki, sai ya samo babba daga danginsa ya yi magana, shi ya zauna a baya ya yi shiru. Na uku, muddin tayin wani yana tsaye, ba mai shiga ya taya a kansa, sai mai kaya ya ce albarka an tashi.

Babban da ya rage mini shi ne Kawu, ƙanen Inna, dillalin shanu a Korahane. Ya san aikinsa. Na sha ganinsa a kasuwa. Yakan buɗe bakin sa ya girgiza kai, ya daddanna ƙugu, ya ja wutsiya, ya faɗi aibi uku ko huɗu da mai san bai taɓa ji ba. Sannan ya yi tayi ƙasa-ƙasa, ya kakkaɓe riga ya tafi. Kafin ya yi nisa sai a kira shi. Ban taɓa ganin an bar shi ya tafi ba.

Da na gaya wa Inna zan aika masa, ta ce, "Shi za ka kira?"

Na ce ba ni da wani.

Ta ce, "To."

Kawu ya iso a kan jakinsa. Da hantsi muka je, aka shimfiɗa tabarmi a gaban soron. Liman ya zauna a gefe domin shaida, ni ina bayan Kawu. Aka gaisa aka daɗe, aka tambayi gida da zafi da mutanen Korahane.

Kawu ya ce, "Dattijo, an ce za ka bar mana gari."

Magini ya ce, "Ido ya riga ni tafiya, bin sa zan yi."

"Allah ya sawwaƙe. To nawa ka yi wa ɗan ɗakin nan?"

"Ɗan ɗaki," in ji Magini. "Ku taya."

"Sa ɗaya. Lafiyayye, ni na zaɓa wa marigayi uban yaron nan shi."

"Albarka."

"Da tunkiya biyu."

"Albarka."

Har nan ba a yi kuskure ba, haka ake farawa. Sai Kawu ya miƙe ya ce bari ya duba kaya. Muka bi shi, Magini yana dogara sanda.

Ya fara da ƙyaure. Ya girgiza shi ya ce yana kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Magini ya ce ƙyaure ya tsufa, gaskiya ne. Ya shiga ciki ya zaro wuƙa ya soki azara wuri uku. Wuƙa ba ta shiga ba, gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. A kan wannan Kawu bai ce komai ba. Ya fito ya zaga gabas, ya manna kuncinsa a jikin katanga, ya rufe ido ɗaya.

Ya ce, "Wagga katanga ta sunkuya. Kamar tsohuwa tana neman allura a ƙasa."

Magini ya ce, "Ubana ya ɗora ta. Ni na miƙa masa tubali."

"Allah ya jiƙansa. Amma ranar da ya ɗora ta bai karya kumallo ba."

Kawu ya yi dariya. A kasuwa da an taya shi. Nan ba wanda ya taya shi. Liman ya dubi ƙasa.

Daga nan ya wuce bayan soron. Akwai aduwa a wurin, ita kaɗai ce inuwar gidan. A gindinta akwai ɗan tudu, da fasasshiyar tukunya da rairayi ya kusa rufewa. Duk mutanen wurin sun san kabarin matar Magini ne, domin a gida muke binne namu, ni ma ina cikin waɗanda suka haƙa shi. Kawu baƙo ne, bai sani ba. Na ga ya nufi wurin, na ja hannun rigarsa. Ɗa ba ya katse kawunsa da baki a gaban mutane, iyakar abin da zan iya ke nan. Ya fizge rigarsa, yana tsammani so nake ya ƙara tayi.

Ya hau tudun ya tattaka. Ya ce, "Wanga kuma sai an baje shi kafin a kafa turken jaki. Aikin yini guda ne. A rage mana tunkiya."

Magini ya ce, "Sauka daga kanta."

"Kan wa?"

Liman ya ce, "Uwargidansa ce a nan."

Kawu ya yi tsalle ya sauka kamar ya taka garwashi. Ya yi salati, ya durƙusa ya ba da haƙuri, kuma na san har zuciyarsa ya bayar. Magini ya ce ba komai, wanda bai sani ba bai yi laifi ba. Muka koma tabarma.

Da Kawu ya yi shiru a nan ya ce mu dawo gobe, da an gyara. Amma kunya ta kama shi, kuma hanyar fita daga ciniki ɗaya kawai ya sani.

Ya ce, "Sa da tunkiya uku. Iyakata ke nan."

"Albarka."

Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya sa takalmi. Dole na bi shi. Da muka fita ya raɗa mini, "Kada ka waiwaya. Kafin mu kai rijiya zai aiko."

Muka kai rijiya. Muka tsaya. Kawu ya sha ruwa, ya wanke fuska, ya tambayi wani makiyayi shekarun saniyarsa. Mata suka cika tuluna suka tafi, wasu suka zo suka cika suka tafi. Ba wanda ya aiko.

Kawu ya ce, "Tsohon nan ya iya ciniki. Gobe ne."

Ba a kai goben ba. Akwai wani falke, ɗan fatauci, da yake zuwa daga kudu kowace shekara ya tari Buzaye masu gishiri. Ya daɗe yana son wurin ajiyar kaya da wuta ba ta ci. Ya ji muna ciniki, ya jira, domin mutum ne mai bin ƙa'ida. Da ya ji an ce albarka an tashi, da la'asar ɗin nan ya je ya taya: raƙumi, da gishiri, da yadin turkuɗi. Duk abin da na mallaka bai kai rabin wannan ba. Magini bai ce albarka ba, bai ce ya sallama ba. Ya ce a ba shi zuwa ranar kasuwa.

Na je wurin liman na tambaya ko za mu iya komawa mu ƙara. Ya ce, "Tayin falke yana tsaye. Lokacin da naku ke tsaye shi bai shiga ba. Kai kake so ka shiga nasa?" Na ce a'a. Ya ce, "To sai ku jira."

A gida Kawu ya zauna nesa da tabarmar Inna yana gyaran linzamin da bai lalace ba. Ta bar shi ya gama.

Ta ce, "Auta, matso."

Ya matso. Mutum ne mai furfura a gemu, amma haka take kiransa.

"An aike ka sayen gida, ka je kana duba masa haƙora."

"Yaya, ai haka ake ciniki. Idan ba ka kushe ba a kanka za a ci riba."

"Sa ba ya jin zagi, kuma ba uban mai shi ne ya ƙera shi ba. Ka zagi hannun ubansa, ka hau kan matarsa, sannan ka je rijiya kana jira ya aiko. Ya aiko da mi? Da tukwici?"

"Ban san da kabari ba."

"Katangar fa?"

Kawu ya ce, "Katangar ta sunkuya, Yaya. Wannan ko a gaban alƙali."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri."

A cikin kwanakin jiran aka yi hadari na farko. Bai zubar da ruwan kirki ba, yayyafi ne da iska. Muka roƙi Inna ta shiga bukka ko na ɗan lokaci. Ta ƙi. Ta zauna a fili da buzun fata a kanta, matata na riƙe da gefe ɗaya ni ina riƙe da ɗaya. Bayan wannan tarin ya ƙaru. Na je tabki na duba ko zan iya gina mata ko ɗan ƙaramin ɗaki da kaina. Yumɓun ya bushe ya tsattsage, ruwan kwaɓa shi sai daga rijiya, ba ni da azara, kuma ban taɓa ɗora tubali ba. Na dawo.

Washegarin hadarin da safe Inna ta sa matata ta dama fura a ƙaramar ƙwarya. Ta ɗauki tsintsiya. Ta ce in ɗora ta a kan jakin Kawu in kai ta gidan Magini. Na tuna mata abin da liman ya ce.

Ta ce, "Ni ba tayi zan yi ba. Ƙawata zan je in gani."

Gaskiya ta faɗa. Ita da matar Magini tare suka yi zaman amarci a garin, tare suke daka, kuma ita ta yi mata wanka da ta rasu.

Muka yi sallama ba a amsa ba, tsohon yana ciki. Na sauke ta a gindin aduwa. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar da ta ƙone, ta fara shara da hannunta mai lafiya. Ta kwashe ƙaya da kashin awaki, ta tono fasasshiyar tukunyar ta gyara mata zama, ta shafe sawun takalmin Kawu da tafin hannu. Ni na koma gefe.

Magini ya fito yana laluben bango. "Wa ke shara a bayan ɗakina?"

"Wadda ta saba. Kai ba ka gani, datti ya rufe ta."

"Ke ce? An ce ba ki tafiya."

"Jaki ke tafiya, ni zama nake yi."

Ya zo ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya ce, "Idan ƙanenki ne ya aiko ki, ki koma."

"Ni na goye shi, ba ya aike na. Ban zo da tayi ba. Liman ya hana, kuma ba mu da abin da ya kai raƙumi."

"To mi ya kawo ki?"

"Na zo in gaya mata za ta yi baƙi. Falke yana da raƙuma, gidan kuma inuwa ɗaya gare shi."

"Ya ce zai kiyaye wurin."

"Shi zai kiyaye, mutumin kirki ne. Amma wata nawa yake yi a nan? Sauran shekara barorinsa ne da Buzayen da ba su san ta ba. Ƙanena da ke da ido biyu ma ya hau ta, bare raƙumi."

Magini ya ce, "Wato in bar raƙumi da gishiri domin ke kin ƙi shiga bukka kamar kowa."

"Ban ce ka bar komai ba. Ka karɓi raƙuminka, kana da ɗiya da jikoki, ba za ka je musu hannu biyu ba. Ni ko a fili na mutu, ɗana yana nan, zai san inda na kwanta. Ita ce ba ta bar kowa a garin ba sai kai, kai kuma tafiya za ka yi."

Ya juya fuska wajen tudun. Sannan ya ce, "Bakinki ya fi na ƙanenki kaifi. Ita ma ta sha faɗa."

"A gabana take faɗa. Ga fura nan, ka sha kafin ta yi tsami."

Ya karɓa ya sha. Suka yi hirar wata shekarar fara da ni ban san ta ba, da wata akuya da matarsa ta taɓa yi wa suna. Ba a ambaci soro ba. Na ɗora ta a jaki muka koma. A hanya na tambaye ta ko tana ganin ya sauko. Ta ce ba ta sani ba, in ja jaki da kyau.

Ranar kasuwa falke ya je karɓar amsa, liman yana wurin. Magini ya ce albarka. Falke ya ƙara gishiri. Ya ce albarka. Falke ya ce, "Dattijo, ka yi asara," ya yi sallama ya tafi ba tare da faɗa ba. Ya kamata a san cewa a wannan lokaci Magini ba shi da tayinmu a hannu. Mu muka tashi muka bar shi, kuma mutanen ɗiyarsa suna hanya.

Liman ya aiko aka ce mu je gobe, mu zo da dillali.

Kafin mu fita Inna ta ce wa Kawu, "Duk abin da ya faɗa ka ce to."

"Yaya, ai wannan ba ciniki ba ne."

"Ka riga ka yi ciniki, mun gani."

Wannan karon har da mai gari a zaman. Bayan gaisuwa Kawu ya gyara murya, Magini ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Yau ba tayi. Ni zan faɗa. Abu uku ne. Na farko, sa, da karsana, da tumaki huɗu."

Na dubi Kawu. Karsanar nan ita ce za ta zama tushen garkena, shi ma ya sani. Ya yi ƙoƙari ya haɗiye maganar, ya kasa.

Ya ce, "Dattijo, a bar wa yaro karsanar, a ƙara tunkiya. Wuta ta cinye masa..."

Magini ya fara laluben sandarsa.

"Mun saya!" in ji Kawu. "Mun saya. To. Na ce to."

"Na biyu, aduwa da ƙasar da inuwarta ke rufewa ba sa cikin ciniki. Ba na sayar da su, ba na ba da su. Ba a kafa turke, ba a zuba toka, ba a ɗora gini. Mai gari, ka ji."

Mai gari ya ce ya ji, kuma ko bayan ransa zai bar wa magajinsa wannan magana.

"Na uku, dillali ya tashi ya koma ya dubi katangar gabas. Ina ganin ran nan rana ta shiga masa ido."

Duk muka tashi muka zaga. Kawu ya tsaya a gaban katangar. Ya dube ni, ya dubi liman. Ya manna kunci kamar yadda ya yi da farko, ya rufe ido ɗaya.

Magini ya ce, "Yaya ka gan ta?"

"Ba laifi."

"Ban tambaye ka laifi ba."

"A miƙe take."

"Ɗaga murya, dillali. Kunnena ma ya fara bin ido."

"A miƙe take! Kamar mashi!"

"Wanda ya ɗora ta fa, ya karya kumallo?"

"Ya karya, Baba. Ya ƙoshi."

Mai gari ya rufe baki da rawani. Magini bai yi dariya ba. Ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Na sallama." Liman ya yi fatiha, aka raba dabino. Kawu bai nemi la'ada ba, ni ma ban yi masa tayinta ba.

Daga baya liman ya gaya mini cewa kafin zaman farko Magini ya ce masa idan aka kai sa da tumaki huɗu zai sallama. Babu zancen karsana. Ban gaya wa Kawu ba. Ina jin ya gane da kansa, domin da kaka ya aiko mini da ɗan maraƙi ya ce wai ya rasa inda zai ajiye shi.

Bafillace ya kawo dabbobin aka miƙa. Mutanen Birnin Lalle suka zo suka ɗora wa san kayan Magini, shi kuma ya hau jaki. Kafin su tashi ya sa aka kai shi gindin aduwa, ya zauna ɗan lokaci shi kaɗai. Bai sake dawowa ba. A can ya rasu bayan wasu shekaru.

Muka share soron, matata ta tara mata aka yi sabon daɓe. Na kawo Inna. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ta tsaya a bakin bukka. Ta ɗaga kai ta dubi rufi. Ta karɓi sandata ta ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya har inda hannunta ya kai. Sannan ta shiga ta ce a kawo tabarma.

Ruwan shuka ya sauka ba da daɗewa ba, da la'asar, mai ƙarfi, har indararo yana zuba kamar an karkata tulu. Na shigo daga gona a jiƙe. Inna tana zaune a tsakiyar ɗaki ta lulluɓe. Ta ce wa matata, "Ɗiyata, sanyi. Ɗebo mini garwashi a kasko." Matata ta dube ni. Tun ranar gobara ba a kai wuta kusa da ita ba. Aka kawo kasko, ta miƙa hannayenta biyu a kai, har da mai ƙunar. Tarin ya bi ta har kaka, sannan ya tafi. Ta yi damina tara a ɗakin.

A damina ta biyu katangar gabas ta tsage, daidai wurin da Kawu ya manna kuncinsa. Ta sunkuya ɗin ne, tun asali. Na ɗauko yumɓu na yi mata tokara daga waje, kuma tun daga lokacin kowace bazara sai na ƙara mata yaɓe. A kanta na koyi ɗora tubali.

Kawu ya zo gaisuwa a shekarar da ta tsage. Ya sauka daga jaki ya zaga gabas kafin ma ya yi sallama. Ya tsaya yana kallon tsagar da tokarar, hannunsa a baya. Inna tana gindin aduwa da tsintsiyarta, tana ganinsa.

Ta ce, "Auta, yaya ka gan ta?"

Ya ce, "A miƙe take, Yaya."

"Ɗaga murya."

Bai ɗaga ba, ya je ya ɗaure jakinsa a waje.

Waɗanda suka yi shaida duk sun rasu, mai gari na yanzu jikan wancan ne. Saboda haka nake faɗa wa ƴaƴana a fili: soro nawa ne, da azara, da ƙyauren da na sake. Aduwa da ƙasar da ke ƙarƙashinta ba nawa ba ne, ban saye su ba. Kabari biyu ne a wurin yanzu, na matar Magini da na Inna. Wanda ya gaji gidan ya riƙa sharewa, idan kuma ya tashi sayarwa kada ya sa su a ciniki.